Malam edita, ku kawo mana mai saye kafin ku ce mun ƙi noman oganik

Assalamu alaikum malam edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni manomi ne daga yankin Kura a jihar Kano, da rani ina yin tumatir da albasa da ruwan da ake sako mana daga dam ɗin Tiga, da damina kuma ɗan wake da gero a gonar gado. Na saurari shirinku na noma na makon jiya inda kuka kawo wani malami ya yi bayani kan noman da babu takin zamani babu feshin magani, wanda 'yan boko ke cewa oganik, gaskiya ya yi ƙoƙari amma da ya ce wai manoma sun ƙi karɓa ne don ƙarancin wayewa sai maganar ta tsaya min a wuya, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Abin nan fa ba baƙonmu ba ne. Mun taso mun ga baba yana kai taki gona a kan jaki tun kafin ruwa ya sauka, tokar murhu da kashin awaki da sharar gida duk gona suke tafiya, bayan kaka kuma Fulani su sauka da shanunsu su ci kara su bar mana taki har a ba su hatsi a kan haka. Yanzu fa? sharar da ake kawowa daga birni rabinta leda ce da roba da mataccen batir, in ka zuba a gona kai da tsintar leda har shekara ta zagayo. Tsakaninmu da makiyaya kuma kowa ya san yadda zaman ya koma. Kashin kaji da a da ake roƙonka ka kwashe yanzu buhu buhu ake sayarwa, sai ka yi kamun ƙafa ma a gidan gona kafin ka samu, ga kuɗin mota. A 2017 gwamnati ta sa buhun takin zamani na NPK naira 5,500, yau ya ninka haka sau nawa, to wallahi ko don tsada ma babu manomin da ba ya son ya rabu da takin zamani, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ni na ma gwada. Bara na ware wani ɗan yanki na tumatir na ce wannan ba zan sa masa komai ba sai kashin kaji da toka, feshi kuma na jiƙa dakakken ganyen darbejiya da 'ya'yanta ina tacewa ina fesawa kusan duk bayan kwana huɗu ko biyar, don ba ya daɗewa a jikin ganye kamar na kanti. Wahala kam na sha, ni da yarana biyu, kuma raina a tsaye yake kullum don duk wanda ya ga abin da tsutsar sharon ta yi wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ba zai yi barci ba in ya san bai yi feshi ba. Alhamdulillahi ya yi, bai kai na ɗaya gefen yawa ba amma ya fi ƙwari kuma uwargida ta ce ya fi daɗin miya.

Sai na kai kasuwar 'Yankaba. Dillali ya ɗaga kwandon ya duba girma ya duba ja, shi ke nan. Na ce masa alhaji wannan fa ba a fesa masa magani ba, ya yi dariya ya ce to in saya in kai wa wa? Ƙarshe ma sai da ya rage min kuɗi don wasu 'ya'yan suna da ɗan tabo. Kuma ban ga laifinsa ba, motar da za ta ɗauka zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ba ta tambayar da me aka noma, kwando kawai ake ƙirgawa.

Haka wake. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake samu a ciki ya wuce ƙima, irin wanda mutane ke zubawa a buhu don kar ya huje. Wannan kam laifinmu ne mu da 'yan kasuwa ba zan kare kowa ba, guba ce muke ci da kanmu. Ni na koma buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka ɗaure da kyau ƙwaro ya mutu don rashin iska babu ko ɗigon magani. Amma in na kai kasuwar hatsi ta Dawanau juye nawa ake yi a haɗa da na kowa, kuɗi ɗaya, kuɗin buhun ma daga aljihuna ya fita.

Malamin ya ce a waje ana sayen oganik da tsada, e haka ne, amma bai faɗi cewa sai da satifiket ba, kuma kafin a ba ka sai gonar ta yi kamar shekara biyu ba a sa mata komai na zamani ba, a turo mai dubawa ka biya shi, ka riƙa rubuta duk abin da ka zuba. Mai kadada ɗaya da iyali goma a shekara biyun nan me zai ci? ga maƙwabcinka yana feshi iska na kawowa, ruwan ma kwata ɗaya muke sha. Sai dai in ƙungiya aka yi, masu riɗi ko zoɓo su haɗu su ɗari a yi musu takarda ɗaya, wannan zai iya yiwuwa in akwai wanda ya ce zai saya tun kafin shuka.

Don haka roƙona dan Allah, a shiri na gaba ku gayyato masu fitar da kaya waje ko masu manyan kantuna da otal otal na Kano da Abuja, ku tambaye su a gaban kowa nawa za su ƙara a kan kwando ko buhu in an kawo musu wanda ba a fesa ba, kuma a ina za mu same su. Ku buɗe layin waya ranar, ni ne zan fara kira.

Naku mai sauraro kullum, daga Kura.