Ɗan riƙo da sunan ubansa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in taɓa maganar riƙo. Ina ɗan shekara 4 aka kai ni hannun gwaggona a Zariya. Allah ya saka mata, kwano ɗaya muke ci da 'ya'yanta. Amma ranar da malami ya ce kowa ya rubuta sunan mahaifinsa, taunar biro na tsaya yi. Yau shekarata 40, in na je gidanmu a Funtuwa tabarmar baƙi ake shimfiɗa mini, kuma bakina ya kasa kiran mahaifiyata Inna.

Masu riƙo, don Allah ku riƙa kai yara wurin iyayensu, ko da sallah-sallah ne. Ku kuma bar musu sunan ubansu, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta umarta.

Naka,
Mai karatu daga Zariya