A Daina Rufe Tsagar Bim da Filasta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu gine-gine kan wata hanyar gyaran bim ɗin kankare (doguwar kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai tana ɗauke da nauyin gini) da ba a san ta sosai a wajenmu ba, wato manna masa zaren kabon ko na gilashi.

A garuruwanmu, idan aka mayar da gidan zama makaranta ko sito, nauyi ya yi wa bim yawa har ya tsage daga ƙasa, abin da aka saba shi ne a kira magini ya shafe tsagar da filasta. Wannan ɓoye ciwo ne kawai. Kankare yana jure dannawa amma ba ya jure ja, kuma ƙasan bim shi ne inda ja ya fi tsanani, shi ya sa ake jera rodi a wurin. Idan rodin ya gaza, ana iya manna faffaɗan zaren kabon ko na gilashi a ƙasan bim ɗin da gam mai ƙarfi na efoksi, ya ɗauki jan da rodi ya kasa ɗauka. Zaren ba ya tsatsa, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙarfe mai girma daidai da nasa.

An daɗe da gwada shi. A 1991, Farfesa Urs Meier da abokan aikinsa suka gyara gadar Ibach da ke kusa da Lucerne a Suwizalan da zaren kabon mai nauyin kimanin kilo 6, alhali da farantin ƙarfe aka yi aikin, da sai an ɗaga kilo 175.

Sai dai inda nake jin tsoro shi ne a ɗauke shi maganin kowace cuta. Zaren yana riƙe ne da fatar kankaren, saboda haka idan an yi ha'incin siminti tun farko, har kankaren yana marmashewa in an kankare shi da ƙusa, zaren zai ɓalle da fatar gaba ɗaya, ba tare da gargaɗi ba. Haka kuma gam ɗin yana fara laushi idan zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, abin da bai kamata mai gini a Sakkwato ko Maiduguri ya raina ba, balle kuma gobara.

Ina kira ga hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya da jami'o'inmu su fitar da ƙa'idar amfani da shi da ta dace da zafin ƙasarmu, kuma a hana kowa manna shi sai injiniya mai rajista ya auna ƙarfin kankaren ya yi lissafi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya