Sanarwa kan gwajin fahimtar gani na yara

Salam ƴan uwa, don Allah iyaye da malamai dake wannan guruf ku ɗan tsaya ku karanta. Yaro zai iya karanta allon likitan ido tsaf, ace idonsa 6/6 ne, wato yana gani lafiya lau, amma a aji ya dinga rikita b da d, ko ya kasa kwafo rubutu daga allo, ko ya rasa fensirinsa alhali gashi nan gabansa cikin tarkace, to ba lallai sakarci bane, wani lokacin ƙwaƙwalwa ce ke wahala wajen fassara abinda ido ya gani. Akwai gwaji musamman da ake yi, kamar TVPS-4 na ƴan shekara 5 zuwa 21, ɓangare 7 ne, yaro hoto kawai zai nuna ba rubutu, ana duba ko zai tuna siffa, ko zai gane abu in an ɓoye rabinsa. Juya harafi kafin shekara 7 ba abin tada hankali bane sosai. In ya wuce haka, a fara duba lafiyar ido tukuna sannan a nemi ƙwararre ya gwada shi. Wallahi dukan yaro baya gyara wannan, ku daina.