Wace mitar haske ta hannu zan saya wa situdiyona?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da aiki, tare da masu bibiyar wannan fili. Ni mai hoto ne a Zariya, ina da ɗan situdiyo mai fitilun filashi uku na Godox, laima biyu da sofbos ɗaya (akwatin da ke tausasa hasken fitila). Shawara nake nema kan mitar auna haske ta hannu, don sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna.

Hoton amare ne ya kai ni ga wannan. Amarya za ta shigo da farin leshi mai duwatsu, ango da shadda mai sheƙi. A allon kyamara komai ras, amma da na zuba a kwamfuta sai in tarar leshin ya ƙone fat, ɗinkin da aka kashe wa kuɗi duk ya ɓace. In na rage wuta kuma, fuska ta nutse. Mitar cikin kyamara ba ta auna filashin da aka saita da hannu. Ita kuwa mitar hannu, mai ɗan farin ƙoƙo da ke karɓar haske, ƙarƙashin haɓar mutum ake riƙe ta tana kallon kyamara, ta auna hasken da ke sauka a kansa, ba ruwanta da launin kayansa. Ina so in auna kowace fitila ita kaɗai, babbar a f/8, mai cike inuwa a f/5.6 (lambobin buɗewar idon kyamara ke nan), in rubuta a bango, don yaran shago su daina canki-canki idan na fita biki.

Guda uku ne a gabana. Akwai Sekonic L-308S a hannun wani abokin sana'a. Ƙarama ce, tana shiga aljihun kaftani, batir AA ɗaya take ci, wanda ko a shagon unguwa akwai shi. Sai dai ƙoƙon nata ya fara komawa rawaya, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, tunda ta cikinsa hasken ke bi. Shin wannan yana sa ta yi ƙarya? In yana sawa, da yawa ne ko ɗan kaɗan da zan iya gyarawa da kaina?

Ta biyu Sekonic L-358 ce, kuma gaskiya ita raina ya fi so. Tana nuna kashi nawa cikin ɗari na hasken ya fito daga filashi, nawa daga hasken wurin, abin da zai yi mini amfani a zauren biki. Amma kamfanin ya daina ƙera ta, batirinta CR123A ne, sai an sha yawo kafin a samu a nan, kuɗinta kuma ya kusa ninka na farkon. Mai ita yana Legas, bidiyonta kawai na gani a WhatsApp, yana cewa in tura kuɗi ya sa a mota.

Ta uku Minolta Auto Meter IV F ce ta wani dattijo da ya rufe shagonsa, ita ce mafi araha. Tana aiki, amma gidan batirinta ya yi farin gari-gari na tsohon batir da ya zube, kuma tun 2006 Konica Minolta ya fita daga harkar kyamara. In ta lalace, wa zai gyara? Wani ma ya kawo mini L-398 mai allura da ba ta cin batir, na mayar masa don ba ta auna filashi.

Game da gwaji kafin biya, ga abin da na shirya: in kashe TTL, wato tsarin da kyamara ke saita ƙarfin filashi da kanta, don ɗan walƙiyar farko da yake yi kada ya yaudare ta, in harba sau biyar a jere in ga ko lamba ɗaya take bayarwa, sannan in rage ƙarfin fitila zuwa rabi in ga ko za ta sauka daga f/8 zuwa f/5.6. Wannan ya isa, ko akwai abin da ya kamata in ƙara, musamman ramin wayar da ke haɗa ta da fitila?

Maigidana da ya koya mini aiki ya ce a zamanin dijital wannan ɓarnar kuɗi ce, gara in ƙaro fitila ta huɗu. Ban musa masa ba, amma shi idonsa ya daɗe da gogewa, yarana kuwa ba su kai nan ba. Kuɗin adashi ne zan kwasa ƙarshen wata, ga bukukuwan bayan Sallah na tafe. Wacce za ka ɗauka a cikin ukun in kai ne?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai hoto daga Zariya