Ƙungiyar 'yan keke a Ingila da abinda kuɗin memba yake saya maka

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki ya jama'a.

Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 nake jin labari daga gida cewa mutane sun fara kaɗe ƙurar kekunansu, har matasa na haɗuwa suna fita tare ranar Asabar, kuma abin ya min daɗi sosai. Shi yasa nace bari in bada labarin ƙungiyar 'yan keke ta Cycling UK da nake ciki anan yankin Yorkshire a arewacin Ingila, ko Allah zai sa wani ya tsinci wani abu.

Uwar ƙungiyar anan yankin namu aka haife ta, a garin Harrogate, cikin watan Agusta 1878, wani matashi mai karatun likita mai suna Stanley Cotterell shi ya tara mutane. Lokacin ma keken nan ne mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya. Da farko sunanta Bicycle Touring Club, a 1883 aka mayar da ita Cyclists' Touring Club saboda masu keke mai ƙafa uku suma su samu shiga, sai a 2016 ta koma Cycling UK. Ba ƙungiyar tsere bace fa, ta yawon buɗe ido da motsa jini ce, kuma kusan kowane yanki da nasa reshen da yake shirya fitarsa da kansa.

Abinda yafi burge ni a tarihinsu shine basu tsaya a hawa kawai ba. A wancan zamanin masu keken doki gani suke mai keke bashi da hurumi a titi, kowace ƙaramar hukuma kuma da irin dokar da take ƙaƙaba masa, toh sai 'yan ƙungiyar suka yi ta matsa lamba har a 1888 dokar ƙasa ta amince cewa keke shima abin hawa ne kamar kowane, yana da haƙƙin bin hanya. Su suka riƙa kafa allunan gargaɗi a kan gangare masu haɗari tun gwamnati bata fara ba. Suka yi yarjejeniya da masu masauki da gidajen abinci, duk wanda ya yarda zai karɓi mamba a farashi mai sauƙi sai a manna masa tambarin ƙarfe a bango, taya ce mai fukafukai, kuma har yau in kana wucewa ta wasu ƙauyukan zaka ganshi a jikin tsofaffin gine-gine. A 1968 kuma aka samu doka ta ba masu keke damar bin hanyoyin dawaki na cikin karkara.

Toh me mutum yake samu in ya biya kuɗin shekara? Na farko wanda ni a wurina shine babba, inshora ce, in tsautsayi yasa ka buge wani ko ka goge motar mutum ƙungiya ta tsaya maka har zuwa fam miliyan 10. In kuma kai aka buge ko rami ya kayar da kai akwai lauyoyin da zaka kira su bi maka haƙƙinka. Kaga kenan kamar adashe ne, kowa ya zuba kaɗan, ranar da ta faɗo kanka sai ka ga amfaninsa. Akwai mujalla mai suna Cycle da rangwame a wasu shagunan kayan keke, wannan dai ƙari ne. 'Yan ƙungiyar suna cikin waɗanda suka dage har a Janairun 2022 aka gyara ƙa'idojin hanya, yanzu ana so direba ya bar aƙalla mita 1.5 tsakaninsa da mai keke in zai wuce shi.

Amma wallahi Edita abinda yake riƙe mutum ba takarda bace, fitar ranar Lahadi ce. Ana haɗuwa da safe, akwai jagora a gaba akwai wani da aka sa musamman a can baya wanda aikinsa kawai kar a bar kowa, in an hau tudu na gaba su tsaya a sama su jira na ƙarshe ya iso ya maida numfashi sannan a ci gaba. Mu kan bi ta Otley da Ilkley mu gangara bakin kogin Wharfe wajen Bolton Abbey. In tayar wani ta yi faci gaba ɗaya ake tsayawa, nan take zaka ga an kifa keken kan sirdi, wannan ya zaro famfo wancan ya miƙo sholisho, wata dattijuwa mai furfura tana bin cikin tayar da yatsa a hankali har ta zaro ƙayar ta nuna maka, kuma babu mai tambayarka kai ɗan ina ne ko nawa ka sayi kekenka. Wasunsu sun haura shekara 70 amma in ka gansu a kan feda sai kace masha Allah. Ga wanda yake baƙo a ƙasar sanyi, ba dangi kusa, wannan zumuncin ba ƙaramin abu bane.

Abinda yake damuna shine mu har yanzu in an ga babban mutum a kan keke sai a fara cewa ko karayar arziki ce ta same shi, alhali iyayenmu da alfahari suka hau Raleigh, wanda asalinsa daga Nottingham ne nan Ingila, har ado suke masa. Anan likita da direban bas layi ɗaya suke bi.

Don haka kirana ga matasan da suka fara fita tare a Kano da Kaduna da sauran wurare, ku yi rajista, ku buɗe asusu ko kaɗan ne na jinyar wanda ya ji ciwo, ku samu lauya ɗaya da mai faci ɗaya a cikinku, ku tafi wurin hukumomin hanya da sunan ƙungiya ba ɗaiɗaiku ba. Ku kuma Edita dan Allah ku tura wakilinku ya bi su wata Asabar ɗin ya kawo mana rahoto.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Leeds, Ingila