Bashin motar da ban taɓa tuƙawa ba na neman hana ni aiki

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a? Daga jihar Maryland ta Amurka nake rubuto maka, don Allah ka sakaya sunana.

Kwana uku ke nan ban runtsa ba. Ranar Talata mai binciken da ke tantance ni don sabon aikina ya zaunar da ni, ya shimfiɗa takarda a tebur, ya ɗora bakin biro a kan wani layi: bashin mota, dala 11,400, an miƙa wa masu karɓar bashi. Malam, motar nan ko sau ɗaya ban tuƙa ta ba.

Na shigo ƙasar nan a 2010. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi gadi, ina karatun kwamfuta da dare, a 2017 na zama ɗan ƙasa. Ban taɓa cin sisin kowa ba. Bana wani kamfani mai kwangila da ma'aikatar tsaro ya ɗauke ni, amma da sharaɗin sai an tantance ni an ba ni izinin ganin bayanan sirri. Akwai fom da ake cikewa, SF-86, shafi sama da ɗari. Suna tambayar duk inda ka zauna cikin shekara 10, da danginka na ƙasar waje, sannan a shekara 7 da suka wuce ko an ƙwace maka kaya saboda bashi, ko ka yi jinkirin biya fiye da kwana 120. Hujjarsu wai wanda bashi ya shaƙe, sayensa ba wuya. Ni kuwa na amsa a'a.

Ƙanin maiɗakina ne ya jawo min. A 2021 ya zo yana marairaicewa zai fara kabu-kabu, ba a ba shi mota sai da mai tsaya masa. Yayarsa ta hana ni sakat, na sa hannu. Ashe wata takwas kawai ya biya, aka zo aka janye motar, aka yi gwanjonta, ragowar ta hau kaina. Yanzu yana Texas, kullum sabuwar shadda a Facebook, in na kira ya katse. Yaron da na ɗauko daga filin jirgi, ya shekara yana cin tuwona!

Gaskiya wasiƙu sun zo, biyu ko uku, amma da na ga na motarsa ne sai in miƙa mata ban buɗe ba. Wannan ai ba ƙarya na yi ba ko? Don an ce ɓoye gaskiya da gangan a fom ɗin laifi ne mai ɗaurin har shekara 5, kuma ya fi bashin muni a wurinsu. An kuma ce suna sassautawa ga wanda ya fara biya da zuciya ɗaya. Kuɗin da ke hannuna kuwa na kujerar Makkar mahaifiyata ne, na riga na yi mata albishir.

Shekaranjiya na tarar da wasiƙun a ƙarƙashin akwatin zannuwan maiɗakina, guda tara, duk a buɗe. Ta ce tsoron faɗata ta ji, ta roƙe ni kada in kira mahaifiyarsu, wai hawan jininta zai tashi. Tawa uwar fa?

Malam, in biya, ko in tara manya a kansa tukuna? Ita kuma da ta san komai tun bara tana zuba min abinci ba ta ce uffan ba, yaya zan ci gaba da zama da ita?

Naka mai sauraro a kullum,
daga Maryland.