Injin girbi: a kawo mana daidai gonakinmu

Malam Edita assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan injin girbi tunda yankan shinkafa ya kama nan wajenmu.

Da an ce injin girbi hankalin kowa sai ya tafi kan ƙaton kwambain ɗin nan mai yanka da sussuka a lokaci guda da muke gani a Facebook, alhali ba da shi aka fara ba. A 1831 ne wani Ba'amurke Cyrus McCormick ya gwada nashi a jihar Virginia, doki ne ma ke jan shi, wuƙa mai haƙora tana kai da komo tana yanke karan alkama, mutum ɗaya na biye yana janye abin da aka yanka. Wani ɗan Sikotlan Patrick Bell ya riga shi da 'yan shekaru amma nashi bai yi kasuwa ba. Shi McCormick da ya koma Chicago a 1847 ya kafa masana'anta, sai ya riƙa ba manoma injin bashi su biya kaɗan kaɗan bayan kaka, ya zuba wakilai a garuruwa da kayan gyara a hannunsu. Wannan ɓangaren ne mu kullum ake tsallakewa.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015 noman shinkafa ya ƙaru sosai a Argungu, Augie, Suru har Yauri, ga kamfanonin casa an kafa, amma je ka fadama ka gani, har yau lauje ne, a yanka a tara a shimfiɗa tampol a yi ta bugawa jikin duro har kafaɗa ta sage. Ita kuwa shinkafa in ta nuna ba ta jiran kowa, kana neman 'yan ƙwadago kowa na nema kuɗinsu ya hau, kafin ka samu ta fara kaɗewa a ƙasa, jan-baki kuma ya ɗebi rabonshi.

To ƙaton kwambain ta ina zai shiga gonar da duk fangali ce ƙanana ga laka? In ya lalace kuma sai ya shekara a ajiye saboda ƙarfe ɗaya. Ƙananan injinan yanka da mutum ke turawa da na bugu su muke so, a ba ƙungiyoyin manoma suna bayarwa haya, a koya wa yaranmu kanikawa gyaransu.

Na san akwai masu tsoro kuma ba su yi laifi ba, ko a Ingila a 1830 leburorin gona sun bi injinan sussuka suna farfasawa don sun raba su da abincinsu. Mu ma akwai matan da shiƙa da kala ne ke cika musu tukunya duk kaka. Duk mai tsara shirin nan ya sa su a lissafi tun farko, ko da ƙungiyoyinsu za a fara ba injin bugun su riƙa karɓar kuɗin hayar.

Naka,
Wani manomi daga Argungu, Jihar Kebbi